Manhajar kyauta za ta isa a zana allon lantarki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko manhajar kyauta za ta wadatar wajen zana allon lantarki (farantin da ake ɗora kayan lantarki a kai) na ƙaramar na'urar da za ta kashe famfo idan tanki ya cika, tunda ba ka da kuɗin lasisi. Za ta wadatar ƙwarai. KiCad nake amfani da ita a nan Maradi. Jean-Pierre Charras ne ya fara ta a Faransa a 1992, kuma da zarar ka sauke ta, ba ta buƙatar intanet.

Ka fara zana yadda kayan za su haɗu da juna, sannan ka zaɓa wa kowanne siffar ƙafafunsa, daga baya ka shimfiɗa hanyoyin tagulla, ka fitar da fayilolin Gerber da masu buga allo ke karɓa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne zaɓen ƙafafun. Na taɓa jiran allo makonni, da ya iso sai ƙafafun rile (makunnin da lantarki ke kunnawa da kashewa) suka ƙi shiga ramukansu, domin na zana kafin in sayi kayan. Yanzu sai na riƙe su a hannu, in buga zanen a takarda daidai girmansa, in ɗora a kan soso, in soka kowace ƙafa in gani. Akwatin na'urar kuwa FreeCAD, wata manhajar zane ta kyauta, za ta fitar maka da zanensa, amma ka bar masa mashigar iska saboda zafinmu.

Ɓangaren da zai taɓa wutar gida mai ƙarfin bolt 220, don Allah ka kai wa ƙwararren mai aikin lantarki ya duba tazarar hanyoyin da girman fis kafin ka jona.