Amsar tambayar Hamadu kan akwatin rubutu na gabari a manhajar tsara littafi ta InDesign

Hamadu ɗana, na ga saƙonka tun jiya da la'asar, ina cikin mota ne daga Marwa zuwa Garwa rezo yana zuwa yana ɗaukewa shi ya sa ka ji ni shiru. Ka ce wai, maigida me ya sa kullum kake matsa mini sai na ja akwatin rubutu a cikin gabari, wato shafin samfuri da sauran shafuka suke bin tsarinsa, kafin in fara littafi, alhali in na danna Ctrl+D na ɗauko fishiyen Word, wato fayil ɗin rubutun, na riƙe Shift na danna a shafin farko, InDesign da kansa yake zuba rubutun yana ƙara shafuka har ƙarshe? To gaskiyarka, yana zubawa, kuma ranar farko ba za ka ga bambanci ba ko kaɗan. Ranar da mai aiki ya dawo da sabuwar magana ita ce za ka gani.

Ka san halin masu memwar, kundin kammala karatun nan na jami'a, ka gama shafi 180 tsaf sai ɗalibi ya dawo yana gumi ya ce malaminsa ya ce a ƙara marj na ciki, wato filin da ake bari a gefen shafi, saboda ɗinki yana cinye farkon layi. Akwatunan da Shift ya haifa maka ba su da uba, kowanne zaman kansa yake, sun bi layin marj ne kawai a lokacin da aka zuba su, daga nan babu ruwansu da gabari. E na sani akwai wurin da ake cewa InDesign ya daidaita shafuka da kansa in an canja marj, wani lokaci yana yi da kyau wani lokaci ya ja maka hotuna ya kai su inda ba ka aike su ba, ni dai ban cika sakin jiki da shi ba. Amma in akwatin daga gabari ya fito, wuri ɗaya za ka je ka matse shi, shafi 180 ɗin nan duk su bi, muddin ba ka riga ka ja su da hannu a kan shafukan ba. Ni da kaina na taɓa kwana a shago kan wannan, littafin addu'o'i ne wani bawan Allah ya ce a rage girmansa ya shiga aljihu, ina jan akwati ɗaya bayan ɗaya wuta ta ɗauke sau biyu, da asuba idona kamar garwashi.

Yadda ake yi ba wani abu ba ne. In kana buɗe sabon aiki akwai wani ɗan gurbi da aka rubuta Bloc de texte principal tunda namu na Faransanci ne, ka sa masa alama, ka sa wa na shafuka masu fuskantar juna ma, shi ke nan zai ja maka akwati a hagu da dama na gabari ya kuma haɗa su da kansa. In kuwa ka riga ka buɗe ba ka sa ba, shiga gabarin A ka ja akwati a shafin hagu daidai marj, ka ja wani a dama, ka danna ɗan murabba'in da ke ƙasan na hagu ta dama sannan ka danna cikin na daman, sun ƙullu kenan. Sai ka zaɓi akwatin ka duba kusurwarsa ta sama ta hagu akwai wata 'yar alama kamar takarda, danna ta, ya zama babban akwati. Kar ka manta ƙullin nan don Allah, in ba ka ƙulla ba rubutu ba zai san hanyar tsallakawa daga hagu zuwa dama ba. Kuma kar ka rubuta komai a cikinsa a gabari, ko harafi ɗaya, fanko ake barinsa kamar tukunya kafin a zuba ruwa.

Wannan babban akwatin a CS6 ya shigo, shekarar 2012. Kafin nan ma akwai akwatin gabari amma kurma ne, sai ka riƙe Ctrl da Shift ka danna shi a kan shafi kafin ya yarda ka rubuta a ciki, yanzu kuwa da ka je shafi ka sa alƙalamin T ka danna sai ya buɗe. Af, in ka je wani shago ka tarar da sabon InDesign kar ka rikice, tun na 2022 Adobe suka canja wa gabari suna a na Turanci suka koma kiransa Parent, abu ɗaya ne.

Inda yara suke faɗawa rami, kuma na ga ka yi haka a aikin makarantar nan, shi ne wajen zuba rubutun. Hanya mafi lafiya ka fara danna T a cikin akwatin shafi na 1 har ka ga sandar tana ƙiftawa, sannan ka yi Ctrl+D. In ka ɗauko rubutun a bakin linzami ka je ka sauke shi sakaka a gefe, sabon akwati zai ja maka a saman na gabarin, sai ka tashi da akwati biyu a shafi, na ƙasa fanko na sama cike, kana canja gabari kana mamaki me ya sa ba abin da ke motsi. Duba bakin linzamin da kyau, in yana kan akwatin da ke nan alamarsa tana shiga cikin baka biyu masu lanƙwasa.

Sai ƙarin shafuka. A cikin feferans, wato wurin saitunan InDesign, wajen Texte akwai abin da ke sake rarraba rubutu da kansa, ka tabbata a kunne yake kuma an taƙaita shi ga babban akwati kawai. Da shi in mai littafi ya ƙaro sakin layi goma a tsakiya shafi zai ƙaru da kansa, ba za ka ga jan kuros ɗin nan a ƙasan akwati ba mai nuna rubutu ya maƙale. Akwai kuma na goge shafukan da suka zama fanko in an rage rubutu, ni ina kunna shi amma ina lura.

Abin da ya fi burge ni da shi shi ne farkon babi. Ka yi gabari na biyu, B, wanda ka gina a kan A, ka sauko da akwatinsa ƙasa ya bar fili a sama. Duk shafin da ka ja B ka ɗora masa rubutun zai koma cikin sabon akwatin da kansa ba tare da ƙullin ya tsinke ba. Sai dai ka riƙe wannan, gabari shafi yake bi ba rubutu ba, in aka ƙara magana a babi na 2 kan babi na 3 zai gangara gaba ya bar B ɗinsa a baya. Shi ya sa a babban littafi nake raba kowane babi da fishiyensa in tara su a cikin Livre, wurin da InDesign yake haɗa fishiye da yawa su zama littafi ɗaya, lambar shafi ta bi jere.

Lambar shafi da sunan littafi na sama su ma a gabari suke zama amma a ƙananan akwatuna na kullum, ba babba ba, babba ɗaya tak ake yarda da shi a shafi. Lambar kuma ba da hannu ake bugawa ba, Ctrl+Alt+Shift+N, za ka ga A a gabari, a shafuka ta zama 1, 2, 3. Katin biki da kalanda da takardar talla kuwa rabu da su, ba sa buƙatar duk wannan.

Gobe in Allah ya kai mu ka riga ni zuwa shago, littafin Fulatancin nan da ke kan kle ɗin USB mai jan launi shi za ka fara da shi, sabon aiki A5, ka duba font ɗin yana da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ kafin ka zuba komai. Kar ka taɓa firinta sai na zo na ga gabarin. Ka gaida Baba.