Amsa ga ƙanwata mai tambaya kan rancen karatun jinya

Ƙanwata, na karanta tambayarki sau biyu kafin na iya rubuta komai, domin abin da kika faɗa, wato kina aji biyu a sashen jinya, mahaifinki ya yi ritaya, kuma kina son sanin ko albashin nas zai iya biyan rancen NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rancen karatu, idan kika karɓa, kusan shi ne halin da na shiga, sai dai ni a lokacina babu wannan asusu.

Na shiga jami'a a 2015 da lissafin cewa shekara biyar zan yi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na ƙarshen 2018, da na 2020 wanda ya ci wata tara ya haɗu da korona, suka ja ni har ƙarshen 2021. Mahaifina ya rasu ina aji uku, sai mijin gwaggona ya ce zai riƙa ba ni kuɗin rajista da na jarrabawar majalisar jinya a matsayin bashi, yana cewa nas ba ta rasa aiki. Ban rubuta komai ba, shi ma bai rubuta a gabana ba, domin a ganina neman takarda a hannun wanda nake kira Baba rashin kunya ne. A lissafina abin bai kai naira dubu ɗari shida ba. Ranar da ya tashi nema, sai ya fito da wani ɗan littafi wanda har kuɗin motar da ya ba ni da sallah ya shigar a ciki, ya ce dubu ɗari takwas da hamsin ne.

Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne, ranar kammala karatu da ranar fara karɓar albashi ba kusa suke ba. Bayan digiri akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, kuma gurbinta ba ya samuwa da sauƙi. Wata goma sha ɗaya na yi ina kai takardu. A tsakanin nan na yi aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a kan naira dubu talatin da biyar a wata, ina aikin dare huɗu a mako, kuma mai asibitin ya riƙe mini albashin wata biyu saboda wai an rasa wasu allurai a lokacin da nake bakin aiki. A cikin wannan hali ne mijin gwaggona ya zo gidanmu ranar sunan ɗiyar yayata, gida cike da mata, ya tsaya a tsakar gida ya ce wa mahaifiyata ai ga likitarku ta gama, ina kuɗinsa. Ina ɗaki ina jin komai. Mahaifiyata ba ta ce masa uffan ba, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa. Bayan kwana uku ya aiko gwaggona da saƙon cewa idan zan auri ƙaninsa, wanda ke da mata biyu, zai yafe bashin. Har yau ina tuna yadda gwaggon ta kasa ɗaga kai ta dube ni tana faɗa, kuma ban san ko ita na fi jin haushi ba ko shi. A makon nan mahaifiyata ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya da keken ɗinkinta, wanda da shi take ciyar da mu, aka ba shi rabi. Na biya sauran a cikin shekara biyu, amma har gobe ba na taka ƙafata gidansa, kuma idan mun haɗu a wajen zaman makoki gaisuwa kawai ke shiga tsakaninmu.

Saboda haka ni a ganina ki karɓi rancen gwamnatin, ki bar na mutane. A dokar da aka sa wa hannu a Afrilun 2024 babu kuɗin ruwa, ba a neman wanda zai tsaya miki, kuɗin rajista kai tsaye ake tura wa makaranta, kuma ba za a fara karɓa ba sai shekara biyu bayan kin gama hidimar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinki. Asusun gwamnati ba zai zo gidan suna ya tozarta mahaifiyarki ba. Amma ki yi hattara da naira dubu 20 ɗin da ake bayarwa duk wata na ɗawainiya, domin shi ma bashi ne. Idan kika karɓe shi wata goma a shekara har shekara huɗu, ya zama dubu ɗari takwas ban da kuɗin rajista, kuma idan muka ƙaddara albashinki dubu ɗari da hamsin ne, dubu goma sha biyar za a riƙa cirewa, wato fiye da shekara huɗu kina biyan wannan kaɗai. Idan akwai mai ba ki abinci a gida, ki tsaya a kan kuɗin rajistar.

Batun albashi kuwa, kada ki yarda da mai ba ki adadi ɗaya. Asibitocin tarayya na biya da tsarin albashin ma'aikatan lafiya na CONHESS tare da alawus-alawus, jihohi kowace da abin da ta ga dama ta aiwatar daga cikinsa, asibitocin kuɗi kuma akwai waɗanda ba sa kai mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka amince da shi a 2024. Ni na yi hidimar ƙasa a kan alawus ɗin dubu 33, ku yanzu dubu 77 ne, amma ki tambayi kuɗin mota da na buhun shinkafa tun bayan cire tallafin mai a 2023. Ba don daɗi ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025 ba.

Na ga wasu suna ce miki ki ci bashin kawai, ai Ingila za ki tafi ki biya a wata uku. Ina da ƙawaye a can, kuma gaskiya suna aiko wa iyayensu abin da ni ban iya ba. Sai dai kafin a kai can akwai jarrabawar Turanci, da ta kwamfuta, da ta gwajin aiki a can Ingilan, da tantance lasisi a nan gida, duk da kuɗi masu nauyi, kuma mun ga yadda a farkon 2024 aka wayi gari da sharaɗin sai an yi aikin shekara biyu kafin a tantance mutum, har ma'aikatan jinya suka fita zanga-zanga a Abuja da Legas.

Don Allah duk wanda zai ba ki ko da dubu biyar ce, ki tambaye shi a gaban shaida kyauta ce ko bashi, ki rubuta da kwanan wata. Ki kuma fara neman gurbin sanin makamar aiki tun kina ajin ƙarshe, ki kai takardu asibitoci da yawa, har da na jihohin da ba naki ba. Ni sai a wata jiha mai nisan awa shida daga gida na samu, kuma daga albashina na farko a can na sayo wa mahaifiyata wani keken ɗinkin, na hannu, wanda bai kai nata na da ba.