Masu haƙar mai sun kafa turaku a gonarmu ta gado

Tambaya: Barista, gonarmu tana yankin Alkaleri, kusa da aikin man Kolmani. Ma'aikatan wani kamfani sun zo sun auna, sun kafa turaku a tsakiyar dawar da muka shuka. Gonar gado ce, ba mu da takarda. Za mu iya hana su?

Amsa: Malam, hanawa dai da wuya, gara ka ji tun yanzu. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce mai da iskar gas da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ko da a gonar kakanka suke. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ba gwamna ikon karɓe fili saboda haƙar ma'adinai ko shimfiɗa bututun mai. Diyya ce abin da za ku tsaya a kai.

Rashin takarda bai kashe haƙƙinku ba. Sashe na 36 na Dokar Amfani da Ƙasa ya amince da gonar karkara da ake nomawa bisa al'ada tun kafin 1978. Ku nemi shaidar mai unguwa da dagaci da maƙwabtan gona, a rubuce.

Ranar ƙidayar abin da za a biya diyya a kai ce ranar da manoma suka fi tafka asara. Abin da ke kan gona aka fi yi wa kuɗi: amfanin da ke tsaye, rijiya, rumbu, shinge, da itatuwa irin su ɗorawa, kaɗanya, tsamiya da mangwaro. Wanda ba a rubuta ranar ba, da wuya a biya shi daga baya. Ku kasance a wurin da kanku, ku ɗauki hoto da bidiyo, ku karɓi kwafin lissafin. Kada kowa ya dangwala a takardar da ba a karanta masa ba. Na sha ganin rasit ɗin da a ƙasansa aka rubuta cewa mutum ya yafe duk wata ƙara. Tunda gado ne, magada su wakilta mutum ɗaya a rubuce, kar wani ya karɓe kuɗin a ɓoye.

Dokar man fetur ta 2021 ta tilasta wa kamfani zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsa na shekarar da ta gabata a asusun al'ummar yankin. Wannan na gari ne, ba ya maye gurbin diyyarku.

Idan mai ya malala ya ɓata gona ko rijiya, ku kai rahoto ga hukumar NOSDRA, mai kula da malalar mai, nan take. In sulhu ya gagara, ƙarar malalar mai a Babbar Kotun Tarayya ake shigar da ita, kuma akwai wa'adi, kada ku bari damina ta yi ta zagayowa.