Umarnin baƙo a kan menfirem: wanne kenal ke riƙewa, wanne yake miƙa wa QEMU?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ina ajin ƙarshe a kimiyyar kwamfuta, kuma aikin kammala karatuna a kan KVM ne, wato ɓangaren Linux da ke ba kwamfuta guda damar gudanar da wasu tsarukan aiki a cikinta a matsayin baƙi. Na shiga karanta yadda yake aiki a manyan kwamfutocin IBM, wato menfirem. Na lura idan tsarin aikin da ke zaman baƙo ya ba da umarni mai gata, irin wanda ba a yarda ƙananan manhajoji su bayar ba, wani sa'in kenal, wato zuciyar Linux, ne ke kammala shi, wani sa'in kuma a tura wa QEMU, manhajar da ke kwaikwaya wa baƙon na'urori daga wajen kenal. Tunda kenal ya fi sauri, me zai hana a zuba komai a cikinsa a huta? Daga ɗalibinku a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin tambayar nan, domin ba kasafai ɗalibanmu ke leƙa wannan ɓangare ba, alhali a nan sana'ar ta samo asali. Tun 1972 IBM ta fitar da VM/370, tsarin gudanar da baƙi a kan menfirem, kuma kafin shi akwai CP-67 a ƙarshen shekarun 1960. Intel ba ta sa wa furosesarta tallafin gudanar da baƙi ba sai 2005.

Kafin mu zo kan kenal da QEMU, akwai na uku da ka tsallake, kuma shi ke ɗauke da mafi yawan kayan: furosesa da kansa. Menfirem na da umarni guda na gudanar da baƙo mai suna SIE, wanda ya zo a farkon shekarun 1980. Kenal yana cika wani allon bayani a memori, ya rubuta halin da baƙo ke ciki da irin umarnin da yake so a tare masa, sannan ya kira SIE. Daga nan baƙo ya kama gudu a kan ƙarfen kai tsaye, kuma yawancin umarninsa masu gata furosesa ne ke zartar da su ba tare da an taɓa kowa ba. Sai an iso wanda furosesa ba zai iya yanke hukuncinsa shi kaɗai ba, ko wanda aka ce a tare, sannan SIE ya tsaya, ragama ta dawo hannun kenal.

Ɗauki misali guda mu bi shi. Baƙo yana son karanta faifai, ya ba da umarnin SSCH, wanda lambarsa b233 ce. SIE ya tsaya, ya rubuta lambar tarewa 4 a allon, ma'ana umarni aka tare, ya ajiye rubutun umarnin a gurabe biyu masu suna ipa da ipb. Kenal ya dubi b2, ya dubi 33. Ya sake tabbatarwa cewa kenal ɗin baƙo ne ya ba da umarnin, ta hanyar duba bit na 15 a PSW ɗinsa, wato rijistar da ke nuna halin da furosesa ke ciki. In wata ƙaramar manhaja ce a cikin baƙon ta yi karambani, sai a mayar wa baƙon da kuskure mai lamba 2, shi ya hukunta abinsa. In komai daidai ne, kenal ya ga ba shi da abin yi da SSCH, sai ya fito daga kiran KVM_RUN, wanda da shi QEMU ta nemi a gudanar da baƙon, ya miƙa wa QEMU lambar tarewar da ipa da ipb. QEMU ce ta san wane faifai aka jona wa baƙon, a wane fayil yake, da yadda za a bi jerin umarnin tashar, wato hanyar da ke haɗa baƙon da faifan, ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin miƙawar nan shi ne amsar tambayarka. Kenal ɗaya ne a kan na'urar, baƙi kuwa suna iya kai ɗaruruwa, kowanne da QEMU tasa. Duk abin da ke cikin umarnin nan, adireshi ne ko tsawo ko jerin bayanai, baƙo ne ya rubuta shi, kuma dole a ɗauka cewa baƙon na iya zama mugu. In mai fassara bayanan ya yi kuskure a cikin QEMU, manhaja guda ta faɗi, baƙo guda ya tafi, kuma maharin da ya kutsa ya tarar da kansa a ɗaure da iyakokin da aka sa wa QEMU ɗin. In a cikin kenal kuskuren yake, na'urar gaba ɗaya ta shiga hannunsa, har da memorin sauran baƙi. Shi ya sa doguwar harka da baƙo a zaure ake yinta, ba a kai shi cikin gida. A 2015 an gano ɓarakar da aka kira VENOM a ɓangaren QEMU mai kwaikwayon na'urar fulofi, abin da kusan babu mai amfani da shi. Ta tayar da hankali ƙwarai a hakan ma, ina ga a ce wannan ɓangare a cikin kenal yake.

Akwai kuma nauyin kulawa. Gyara QEMU ya fi sauƙi a kan sauya kenal na na'urar da ke ɗauke da aikin jama'a, kuma duk ƙofar da kenal ya buɗe wa manhajoji, sai ya ci gaba da riƙe ta shekara da shekaru.

To me kenal ke riƙewa? Abu biyu ke sa ya riƙe. Na farko yawan aukuwa. Fita zuwa QEMU da dawowa na da tsada: a kwashe rijistoci, a sauya mahalli, wani sa'in a jira makulli, a sake shiga SIE. Umarnin da ke zuwa sau ɗaya lokacin kunna baƙo bai damu da wannan ba. Amma DIAGNOSE 0x44 da 0x9c, waɗanda baƙo ke cewa da su ya sallama lokacinsa ga wani furosesa, suna zuwa ba ƙaƙƙautawa, kuma mai rabon lokacin ma kenal ne. Haka SIGP, da furosesocin baƙo ke yi wa juna magana da shi: ƙananan sigina masu yawan zuwa kenal ke gamawa, masu nauyi irin su tsayar da furosesa ko sake tayar da shi QEMU na iya karɓarsu.

Na biyu, kuma a ganina shi ya fi muhimmanci, shi ne a hannun wa bayanin yake. Kowane shafin memori mai girman kilobayit 4 a menfirem yana da makullinsa na kariya mai faɗin bit 7. Shafukan nan kenal ne ke rabawa, shi ke fitar da su zuwa faifai in wuri ya ƙure, don haka umarnin makulli irin su SSKE da ISKE ba su da abin yi a wurin QEMU. Dabarar da aka yi a nan tana burge ni: ba a kunna tallafin makullin sai ranar da baƙo ya fara amfani da shi. A tare na farkon, a shirya komai, sannan a bar wa furosesa sauran.

Wani umarnin kuma bayaninsa a rabe yake, sai a raba aikin. TSCH ne misali mafi kyau. Baƙo na tambayar halin da wata tasha ke ciki, kuma amsar na wurin QEMU. Amma layin saƙonnin katsewa, wato sanarwar da na'urori ke aikowa, da ke jiran baƙo a hannun kenal yake, kuma ƙa'idar na'urar ta ce TSCH ya share saƙon wannan tasha. Sai kenal ya zare saƙon daga layi, ya haɗa shi da umarnin ya miƙa wa QEMU ta wata ƙofa ta musamman. In QEMU ta kasa kammalawa, misali adireshin da baƙo ya bayar ba shi da kyau, sai ta mayar da saƙon layi don kada ya ɓace. Ɗan'uwansa TPI kuwa layin kawai yake dubawa, shi ya sa kenal ke gama shi nan take.

Saboda haka a aikinka, kada ka rubuta cewa a mayar da umarni kaza cikin kenal don sauri sai ka nuna sau nawa yake zuwa. KVM na ƙirga kowace tarewa, kuma manhajar kvm_stat na nuna ƙidayar. Gwada wannan ɓangare na buƙatar menfirem na gaske, amma karanta shi laftof ɗinka ya isa. Sauke Linux, ka buɗe arch/s390/kvm, ka fara da intercept.c, ka wuce priv.c. Duk inda ka ga an dawo da EOPNOTSUPP, lambar da ke nufin ba a tallafa wa aikin a nan, yawanci nan ne kenal ya saki umarnin. Ka rubuta lambarsa, ka je target/s390x a cikin QEMU ka nemo inda aka karɓe shi. In ka bi SSCH, TSCH da TPI har ƙarshe, ka samu babi guda cikakke da za ka kai wa malamin da ke duba aikinka. Allah ya ba da sa'a.