Wane bat ya dace da mai buga tebur tenis na unguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Daura, muna buga tebur tenis bayan la'asar a unguwarmu. Bat ɗin da na saya a kanti wata uku kawai ya yi, robar ta yi sulɓi, ƙwallo ba ta juyawa. Wani abokina ya ce in tara kuɗi in sayi katako mai kabon da robar Tenergy, amma kuɗin ya fi ƙarfina. Me zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka ya yi maka fatan alheri, amma kada ka bi shawararsa yanzu. Ko da kuɗin na aljihunka, ba zan ce ka sayi kabon ba.

Bat abu biyu ne, katako da roba, kuma kowanne daban ake sayensa. Katakon shi ne jarinka, zai shekara biyar ko fiye a hannunka in ba ka buga shi da bakin tebur ba. Roba kuwa kamar tayar babur take, dole ta cinye. Irin wanda ka saya a kanti, an manne robarsa da gam mai ƙarfi tun daga masana'anta, shi ya sa in ta mutu sai a yar da bat ɗin gaba ɗaya.

Dokar hukumar wasan ta duniya, ITTF, ta ce aƙalla kashi 85 cikin ɗari na kaurin katakon ya zama icce. Ragowar ne ake saka kabon a ciki domin ƙara gudu. To gudun nan shi ne matsalar. Ƙwallo ba ta daɗewa a kan katako mai kabon, tana taɓawa ta tashi, kai kuma hannunka bai gama koyon goga ta ba. Na sha ganin yara a nan Katsina sun riƙo bat mai tsada, bugu uku biyu a waje, har su fara tsoron sakin hannu. Wanda ya fara tsoron bugu kuwa ya daina koyo. Ɗan wasan Najeriya Aruna Quadri da ya kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, shekaru ya yi yana horo kafin ya kai wannan matsayi.

Nemi katako mai falle biyar na icce zalla, wanda aka rubuta ALL ko ALL+ a jikinsa, wato mai matsakaicin gudu, nauyinsa tsakanin giram 80 da 90. In aljihu ya yi nauyi kaɗan, Stiga Allround Classic ko Yasaka Sweden Extra ba sa ba da kunya. In kuwa ana lallaɓawa ne, Sanwei M8 na ƙasar Sin ya ishe ka, kuma ba na jin nauyin faɗin haka. Mariƙi kuma, wanda ya zauna maka a hannu shi ne naka.

A roba ne mutane suka fi zubar da kuɗi. Tenergy 05 ta kamfanin Butterfly roba ce ta gaske, amma kuɗin falle ɗaya zai saya maka katakon Sin da roba biyu har da canji. Ɗauki Friendship 729 Super FX ko Yinhe Mercury 2, wadda soson da ke manne a ƙarƙashinta matsakaici ne, kaurin milimita 1.8 zuwa 2.0, ka saka iri ɗaya gaba da baya. Robar Hurricane 3 da ake ta yabo tana da tauri, sai mai ƙarfin kafaɗa da ƙafa ke cin moriyarta, ka bar ta tukuna. Gefe ɗaya dole ya zama baƙi, ɗayan ja, ko da yake tun 2021 an yarda da shuɗi da kore da wasu launuka a madadin jan. Kuma in wani ya kawo maka Butterfly a farashin robar Sin, jabu ce, ko tambarin ITTF na jikinta. Araha ba ta ado.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji, domin shi ke kashe roba a ƙasarmu. Robar Sin tana da danƙo, ƙurar hunturu kuwa danƙo take nema. Ka buga wasa ɗaya a tebur na waje a watan Janairu, ka duba fuskar bat ɗin, za ka ga ta yi fari fat. Da ka gama, ɗiga ruwa kaɗan, ka share da soso mai laushi, ka bari ta bushe, ka rufe ta da leda mai tsabta, sannan ka saka a jaka. Kada ka bar bat ɗin a but ɗin babur ko cikin mota a zafin Afrilu, sosan zai bushe, robar ta fara tsagewa daga baki.

Wajen mannawa, don Allah kada ka kai wa mai faci ya shafa maka solushan, balle sufa gulu. In sufa gulu aka sa, ranar da za ka ɓare robar, da fatar katakon za ta taho. Tun 2008 aka hana gam mai warin fetur a gasa. Na ruwa ake amfani da shi, fari kamar madara. Shafa siriri a katako da soso, jira ya bushe har ya zama garau, ɗora robar daga wajen mariƙi, ka murza da kwalba a hankali, ka yanke gefen da almakashi mai kaifi.

In kana son sanin ko roba ta mutu, riƙe ƙwallo ka goga ta a tsakiyar fuskar. In ta cije, da sauranta. In ta zame, lokacin canji ya yi, kuma robar kaɗai za ka canja. Duk inda za ka yi odar kayan, Kano ne ko Legas, ka haɗa da ƙaramar kwalbar gam ɗin a lokaci guda, ku raba kuɗinta da abokan wasanka, domin za ta manna bat da yawa.