Ƙaramin kan jirgi mai tururi: wanne ne ya yi daidai da na Hijaz?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Madina ne, kakanmu ne ya taso daga ƙasar Kano ya biyo ta Sudan. Tun ina yaro nake zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Anbariyya da ke nan Madina ina kallon kan jirgin nan mai tururi. Yanzu na sayi ɗan layin dogo na wasa mai ma'aunin HO na shimfiɗa a kan tebur, ina neman ƙaramin kan jirgi mai tafiya da lantarki wanda ya yi daidai da na Hijaz. Na ga wani a intanet, baƙi mai jajayen ƙafafu, manya biyar a kowane gefe da ƙarama ɗaya a gaba, mai sayarwa ya rubuta masa "jirgin Hijaz". In saya? (Wani mai karatu daga Madina)

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mayar da riyalinka aljihu tukuna. Yadda ka siffanta shi, wannan jirgin gwamnatin Jamus ne, ko dai ajin 50 da aka fara ƙerawa a 1939, ko ajin 52 na zamanin yaƙi da ya fito a 1942. Layin Hijaz kuwa a 1900 aka fara shimfiɗa shi daga Dimashƙa bisa umarnin Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu na daular Usmaniyya ta Turkiyya, ya iso Madina a 1908. Ka ga akwai fiye da shekara talatin tsakaninsu. Gaskiya ne Jamusawa ne suka ƙera yawancin kawunan jirgin Hijaz, kamfanoni irin su Krauss da Hartmann da Jung da Borsig, mai yiwuwa da wannan mai sayarwar ya fake. Amma kama da wane ba ta wane.

Babbar matsalar ma a ƙasa take, wato a dogon da ka riga ka shimfiɗa. Ma'aunin HO na nufin an rage komai sau 87. Tazarar da ke tsakanin dogo biyu a HO milimita 16.5 ce, in ka ninka ta sau 87 za ka sami milimita 1,435, faɗin layin Turai ke nan, shi ne kuma faɗin layin jirgin Haramaini mai gudu da ke kai ku Makka. Layin Hijaz ya fi wannan tsuke ƙwarai, milimita 1,050 ne kacal. Raba 1,050 gida 87, za ka sami 12 da ɗan ɗigo. Ashe dogon da ya dace da jirginka shi ne mai faɗin milimita 12, wanda ake sayarwa da sunan HOm. Wani abin sha'awa, an yi HOm ne don jiragen Turai masu layin mita ɗaya, waɗanda lissafinsu ke ba da 11.5, sai ga shi ya fi zama cif a kan na Hijaz fiye da waɗanda aka yi shi dominsu.

Kada ka raina wannan milimita huɗu da rabin. Jirgin tsukakken layi yana da irin tasa tsayuwa: jikinsa ya fi ƙafafunsa faɗi sosai, ƙafafun sun shige ciki, tukunyar ta yi ƙasa-ƙasa, ɗakin direba ya yi kamar ya fi ƙarfin jirgin. Wannan siffar ce ta zauna maka a ido tun kana yaro a Anbariyya, ko da ba ka taɓa sa mata suna ba. Ka ɗora na faffaɗan layi a tebur, ko ka zane shi da lambobin Larabci daga gaba har baya, zuciyarka za ta riƙa gaya maka ba shi ba ne.

Bayan dogo sai ƙidayar ƙafa. Masu harkar nan suna rubuta ta da lamba uku: ƙananan ƙafafun gaba, manyan da sandunan ƙarfe ke juyawa, sai ƙananan baya, ana haɗa ɓangaren dama da na hagu. Wanda ka gani 2-10-0 ne. A layin Hijaz na zamanin Usmaniyya abin da za ka yi ta gani shi ne 2-6-0 da 2-8-0 da 2-8-2, sai ƙananan 0-6-0 masu goyon tankin ruwansu a gefen tukunya, waɗanda suka yi aikin shimfiɗa layi da jera taragu a tasha. Na doguwar tafiya kuwa dole ya ja taragon ruwa da kwal a bayansa, don tsakanin garin Ma'an na kudancin Jodan da Madina ruwa shi ne babban tashin hankalin layin.

To, wanne daga cikinsu kake so? Sai ka tsayar da guda ɗaya, domin "jirgin Hijaz" ba jirgi ɗaya ba ne. Kai kuwa Allah Ya ba ka abin da masu wannan sha'awa a Turai ke biyan kuɗin jirgin sama su zo gani: na ainihin yana garinku. Gani ya kori ji. Je ka tashar, ka nemi izinin ma'aikatan gidan tarihin, ka duba farantin ƙarfen da maƙera kan manna a jikin jirgi, mai sunan kamfani da lamba da shekara, in yana nan. Ka ɗauki hoto daga gefe sak, ka ja da baya sosai yadda kusurwa ba za ta karkatar da siffar ba, ka sa wani da ka san tsawonsa ya tsaya a jikinsa. In sun yarda ka auna faɗin babbar ƙafa ɗaya da tazarar da ke tsakanin ƙafafun. Duk abin da ka auna ka raba shi gida 87. Ƙafa mai faɗin mita ɗaya za ta zama milimita 11.5, mutum mai tsawon mita 1.7 zai zama kusan santimita biyu. Da waɗannan lambobin za ka shiga kasuwa.

Hattara da hotunan intanet. Da yawa daga cikin masu kyau da ake rubuta wa sunan Hijaz a ƙasar Jodan aka ɗauke su, kuma kawunan da ke ciki na shekarun 1950 ne, ƙirar Japan da Ingila da Beljiyam da Jamus ta bayan yaƙi. Waɗannan ba su taɓa taka Madina ba, don ɓangaren kudu na layin ya lalace a yaƙin duniya na farko, kuma tun shekarun 1920 jirgi ya daina isowa. Haka nan launin da ka gani a gidan tarihi fentin gyara ne na baya-bayan nan. In siffar Anbariyya ta yau kake so, bi shi. In ta 1908 kake so, sai ka koma ga tsofaffin hotuna marasa launi ka lura da inda ya yi duhu da inda ya yi haske.

Manyan kamfanoni suna ƙera abin da ke da kasuwa ne, wato jiragen Jamus da Ingila da Amurka da Suwizalan da Japan, saboda haka shirya wa yin kwaskwarima da hannunka. A HOm sunayen kamfanoni biyu za ka fi cin karo da su, Bemo da Tillig. Ni da zan zaɓa, zan fara da kan jirgin Suwizalan da ake kira G 4/5, wanda Bemo ya yi samfurinsa. Shi ma 2-8-0 ne na tsukakken layi, ƙirar kamfanin SLM na garin Winterthur, kuma wannan kamfanin ya ƙera wa layin Hijaz 2-8-0 a 1912. Dangi ne na kusa. Abin da zai rage maka shi ne ka gwada shi da hotonka: bututun hayaƙi, ƙullutun da ke bisa tukunya (ɗaya na tururi, wani na yashin da ake zuba wa dogo don kada ƙafa ta zame), fitila, tagogin ɗakin direba, da tsawon taragon ruwa. Waɗannan duka ana iya cirewa a sauya. Abin da ba ya sauyuwa cikin sauƙi shi ne ƙafafu da sandunansu, shi ya sa nake cewa a fara daga can. Sai dai yana da tsada, ba na ɓoye maka.

In kuma ba ka son ka yi asarar dogon da ka saya, akwai wata dabara. Raba 1,050 gida 64, za ka sami 16.4, kusan faɗin dogonka ke nan. Wato ka bar dogon yadda yake, ka sayi 2-8-0 na HO mai araha, ka cire gangar jikinsa, ka gina sabuwa a ma'aunin 64 a kan ƙafafun da injin. Mutanen Niyu Zilan sun daɗe suna haka da jiragensu. Aikin ya fi yawa, kuma mutane da raƙuma da gine-gine duk sai sun bi ma'aunin 64. Wannan dabarar da ta HOm duka suna yi wa 'yan'uwanmu da suka taso a Sudan masu begen shuɗayen kawunan jirgin Atbara, cibiyar jiragen ƙasa ta ƙasar, don layin Sudan milimita 1,067 ne, daidai da na Najeriya.

Ni ma na taɓa faɗawa irin ramin nan. Shekarun baya na sayi wani kan jirgi a wani shago a Jidda don kawai ya hau dogona, ashe na OO ne na Ingila, wanda aka rage sau 76 amma yake hawa dogon HO. Da na haɗa shi da taraguna sai ya zama kamar raƙumi yana jan tumaki. Saboda haka karanta kwalin da kyau. Ka kuma tambayi irin wutarsa, don HO na kamfanin Märklin yana ɗaukar wuta ta wasu ƙananan ƙusoshi a tsakiyar layi, ba zai yi tafiya a dogo mai ɗaukar wuta ta gefe biyu ba. In ya iso, kada ka bar shi a mota da rana, zafin Madina yana lanƙwasa roba. Ka riƙa rufe teburin da mayafi saboda ƙura, ka goge saman dogon da tsumma mai tsabta kafin ka kunna.