Cipro da tabon huhu: mi ya kamata a yi ma Baba?

TAMBAYA: Salamu alaikum lokotoro. Babanmu ya haura shekara 60, tun shigowar hunturu tari ya ƙi sakinshi, duk sanda ya taso sai ƙanena ya sayo mishi cipro wurin masu tallan magani a kasuwa. Yanzu na gani a WhatsApp wai bincike ya nuna maganin ga na sa tabo a huhu. Da gaske ne? Wallahi hankalina ya tashi. Daga wata mai karatu a Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Cipro antibiyotik ne, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, ɗan gidan da ake kira fuloro-kinolon, su levofloxacin da ofloxacin duk danginshi ne. Akwai rahotanni na mutanen da huhunsu ya kumbura bayan sun sha, amma ba kasafai ba. Shi kuma bincike in ya ga masu tabon huhu sun fi shan wani magani to alaƙa ce ya gano, ba hukunci ba, don mai tabon huhu da tari yake farawa kuma mai tari shi ake ta ɗura ma antibiyotik, kin ga sau da yawa ciwon ya riga maganin zuwa.

Abin da ya tabbata shi ne illar cipro ga jijiyoyi. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta sa gargaɗi mai ƙarfi cewa yana iya tsinka agara, waccan jijiyar bayan dunduniya, musamman ga wanda ya wuce 60 ko mai shan magungunan rage kumburi irin su deksametazon. A 2018 ta ƙara da haɗarin fashewar babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciya.

Amma ni abin da ya fi tada min hankali a wasiƙarki daban ne. Tari ya wuce sati 2 a ƙasar nan, tarin huka ake fara nema, kuma shi kanshi yana barin tabo a huhu in aka yi jinkiri. Cipro na kwantar da shi kwana kaɗan, Baba ya ji sauƙi kowa ya ce alhamdulillahi, alhali ƙwayar cutar na nan tana koyon jure ma magani, ga shi levofloxacin da moxifloxacin su ne ake dogaro da su wurin tarin huka mai taurin kai. Wannan asara ce babba wallahi.

Don Allah ku daina sayen maganin tire da ke yini cikin rana. Ku kai Baba CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, mafi kusa a auna majinarshi, a ɗauki hoton ƙirji, ku tafi da kwalayen duk abin da ya sha lokotoro ya gani da idonshi. In kuma yana kukan ciwo a agara, ko ƙafa na mishi kamar ana tsira allura, ku faɗa ma lokotoro tun a ranar.